Zanen maka a jikin mota: kada garin gyaran gira mu rasa ido



Akwai wani ƙorafi da ke yawan zuwa gaban shugabannin ƙungiya, wanda a ido ƙarami ne har mai shi kan ji nauyin kawo shi. Magidanci ya ajiye motarsa ko keke napep ɗinsa a ƙofar gida, ya fito da safe ya tarar an yi masa zane a jiki da maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki da ake cewa rubutunsa ba ya gogewa. Wani lokaci ABCD ne, wani lokaci hoton gida da bishiya, wani lokaci kuma layi ne kawai aka ja daga fitilar gaba har but. Kafin maganar ta iso gare mu, yawanci an riga an yi asara biyu. An lalata fentin motar wajen ƙoƙarin goge zanen, sannan an lalata zaman lafiya tsakanin gidaje biyu wajen neman wanda ya yi.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne, tawadar maka ba ta cin fentin mota. Abin da ke cin sa shi ne abin da muke ɗauko wa cikin fushi a minti goman farko. Kuma irin wannan fushin ne dai yake sa a ɗaga hannu a kan yaron da ba a tabbatar shi ya yi ba. Idan muka san yadda abin yake, duka asarorin biyu za a iya kauce musu da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba.

Ba mamaki abin ya yi yawa a garin nan. A unguwanni irin su Hausari, Gwange, Bulabulin da Shehuri, gidaje kaɗan ne ke da filin shigar da mota, don haka a bakin layi take kwana, inda yara ke wasa. Tun watan Yulin 2011 da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a cikin Maiduguri, keke napep ya zama abin hawan talaka kuma hanyar cin abincin dubban matasa, shi ma a ƙofar gida yake kwana. Ita kuwa maka tana ko'ina. Masu kifi a Baga Road da ita suke rubuta suna a jikin kwali, masu hatsi da ita suke shaida buhu, 'yan makaranta ana aika su da ita don aikin kwali, kuma duk shagon littattafai a Kasuwar Litinin akwai ta da araha. Abin da babba ya jefar a aljihun riga ko kan tabarma, ƙarshensa hannun yaro.

Duk wanda ya yi karatun allo ya riga ya san rabin ilimin wannan magana. Tawadarmu ta gargajiya abu uku ce: baƙin da ke ba da launi, ƙaro da ke manna shi a jikin allo, da ruwan da aka dama su da shi. Idan ruwan ya bushe sai rubutu ya zauna. Idan aka zuba ruwa sai ƙaron ya narke, rubutu ya wanke. To ita ma maka haka aka gina ta. Akwai launi, akwai wani irin ƙaro na kamfani da ke manna shi, akwai kuma ruwan da aka dama su da shi. Bambancin kawai, ruwan nata sifirit ne, dangin wanda ake goge wurin allura da shi a asibiti, shi ya sa take da wannan warin idan an buɗe murfinta kuma take bushewa nan take. Ƙaron nata ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa sabulu da ruwa ba sa fitar da ita, har aka yi mata laƙabi da ta dindindin. Amma abin da ya dama ta tun farko zai sake narkar da ita. Yadda ruwa yake ga tawadar allo, haka sifirit yake ga maka.

Sai kuma shi fentin. Motar da ta fito daga kamfani ba fenti ɗaya ne a jikinta ba, hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai hana tsatsa, akwai shimfiɗa, akwai mai launin da ido ke gani, sannan a sama akwai wani ɓawo marar launi mai sheƙi da masu fenti ke kira kiliya. A kamfani gasa su ake yi da zafin da ya haura digiri 100, shi ya sa suke da tauri. Amma duka hawan nan idan aka haɗa, kaurinsu bai wuce na takardar littafi ɗaya zuwa biyu ba. Ɓawon saman shi kaɗai, kaurinsa wajen kashi 40 zuwa 50 ne cikin 1000 na milimita, wato bai kai kaurin silin gashi ba. A kan wannan siririn ɓawo zanen yaro yake zaune. Bai huda shi ba, bai kai ga launin motar ba. Duk aikin da ke gabanka shi ne ka ɗauke tawadar ka bar ɓawon yadda yake.

Yanzu a dubi abubuwan da muke ɗaukowa.

Na farko a jerin ɓarna shi ne man birki. Ban san inda wannan shawara ta samo asali ba, amma tana yawo a majalisu, ana cewa yana fitar da kowane irin tabo. Gaskiya ne yana fitar da tabon, domin tare da fentin yake tafiya. Man birkin da ake zuba wa yawancin motocinmu, mai lamba DOT 3 ko DOT 4, yana tausasa fenti cikin 'yan mintuna, ya kumbura shi, ya yamutsa shi kamar fatar da ta ƙone. Ku lura da bakanike mai hankali idan yana ƙara man birki, in ɗigo ya zuba a jikin mota da sauri yake watsa ruwa. Abin da bakanike ke gudu, shi mai mota ke shafawa da hannunsa.

Na biyu tina. Aikin tina a duniya shi ne narkar da fenti, don haka aka yi ta, don haka mai fenti ke wanke bindigar feshinsa da ita. Wanda ya jiƙa tsumma da tina ya dirji ƙofar motarsa ya sa ta aikinta ne kawai. Haka ma ruwan goge jan farce da ake arowa daga cikin gida, ƙarfinsa ya yi kusa da na tina, kuma idan ya taɓa robar fitilar gaba sai ta yi hazo, hazon da wanki ba ya fitarwa.

Na uku fetur. Shi ne mafi kusa da hannu, musamman ga mai keke. Yana cire man kariyar da ke kan fenti, yana dusashe wanda aka fesa a gareji, kuma bai ma iya narkar da tawadar maka sosai ba, sai dai ya baza ta. Ga kuma haɗarin wuta. Mutum ya tsaya da gorar fetur da jiƙaƙƙen tsumma kusa da inji mai zafi, ko kusa da mai shayi da ke hura wuta, a layin da yara ke kai da kawowa.

Na huɗu su ne masu karta: soson ƙarfe na wanke tukunya, sanfefa, reza, toka, har da yashi. Waɗannan ba sa narkar da komai, kankarewa suke yi. Ɓawon da bai kai silin gashi ba, soson ƙarfe zai ratsa shi kafin hannunka ya gaji. Da zarar kiliya ta tafi, ranar Maiduguri za ta ƙarasa sauran. Wurin zai dusashe, ya fara ɓarewa, daga nan sai mai fenti. Kuma kowa ya san ba a fesa wa tabo fenti shi kaɗai, sai an yi ƙofar gaba ɗaya, sannan a yi ta faman neman launin da zai dace da na sauran jikin. Tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, kayan fenti da ake shigowa da su daga waje sun yi tsadar da duk mai mota ya sani.

To mene ne ya kamata a yi? Abu na farko, ka shigar da motar inuwa ka bari ƙarfen ya huce. A watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40, jikin mota kuwa ya fi haka nesa, hannu ma ba ya iya daɗewa a kai. A irin wannan zafi sifirit zai bushe kafin ya yi aiki, fentin kuma ya fi laushi da saurin karcewa. Sassafe ko bayan la'asar ya fi.

Sannan ka wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu mai laushi. Wannan ba zai fitar da zanen ba, ƙura ake so a kawar. Ƙurarmu yashi ce, musamman ta hunturu da iska ke kwasowa daga arewacin Chadi, kuma yashi ya fi fenti tauri. Wanda ya goga tsumma a kan mota mai ƙura, sanfefa ya yi mata bai sani ba. Ka samu tsumma fari mai laushi kuma mai tsabta, tsohuwar singileti ta auduga ta isa.

Kafin ka taɓa wurin zanen, ka yi gwaji a ɓoyayyen wuri, kamar bakin ƙofa ta ciki ko ƙarƙashin murfin but. Ka ɗiga sifirit a tsumma ka ɗan shafa. Idan tsumman ya fito fari, wurin kuma bai rage sheƙi ba, ci gaba. Idan ya ɗauko launin motar, ko wurin ya yi danƙo, ka dakata. Wannan gwajin yana da muhimmanci a wurinmu fiye da ƙasashen da ake ƙera motocin, domin yawancin motocinmu na hannu ne, kuma da yawa an sake musu fenti a gareji, wasu ma mai su bai sani ba. Bayan ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau ranar 10 ga Satumban 2024, motoci da kekuna masu yawa sun kwana cikin ruwa da laka a Gwange, Kastam da kewayen Kasuwar Litinin, kuma ba kaɗan ba ne suka bi ta hannun masu gyaran jiki kafin su dawo kan titi. Fentin gareji da iska ta busar bai kai na kamfani tauri ba, wani ma ba a sa masa kiliya. Wanda aka fesa cikin wata ɗaya ko biyu da suka wuce bai ma gama ƙeƙashewa ba. Irin wannan, a mayar wa wanda ya fesa shi ya duba.

Idan gwaji ya yi kyau, hanya mafi sauƙi ita ce a fara da makar farin allo, wadda malamai ke rubutu da ita a aji su goge. Ka bi kan zanen da ita, ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ka goge nan take tun ba ta bushe ba. Ruwan da ke cikinta yana narkar da tsohuwar tawadar, kuma an haɗa ta da wani maiƙo da ke hana launi kamawa, sai su taso tare. Wannan dabara a kan fenti mai santsi da sheƙi take aiki. Idan fentin ya tsufa ya yi gari-gari, musamman fari, kada a yi ta, domin ƙarin tabo za ta bari.

Idan babu ita, ko ba ta gama ba, sai sifirit na kemis, marar launi. Man goge hannu da muka saba da shi tun lokacin korona a 2020 shi ma yana yi, domin mafi yawansa sifirit ne. A tsumma ake zubawa, ba a jikin motar ba. Ka dangwala a kan zanen, ka ba shi daƙiƙa kaɗan, ka share da sassauci ta fuska ɗaya. Za ka ga launin ya koma jikin tsumman. Ka juya wuri mai tsabta ka sake, domin in ka ci gaba da wurin da ya ɓaci, mayar da tawadar kake yi. Sau biyar a hankali ya fi sau ɗaya da ƙarfi. Wanda ke da WD-40, man feshin nan da makanikai ke kwance noti mai tsatsa da shi, zai iya gwada shi ta wannan hanya, ba ya cutar da fenti, sai dai yana barin maiƙo da za a wanke. Idan an gama a ɗauraye wurin da sabulu da ruwa, a tsane, a shafa folish na mota, domin sifirit yana tafiya da man kariyar da ke kai.

Wani lokaci, musamman a farar mota da zanen ja ko shuɗi, bayan an gama sai a ga wata 'yar inuwa ta rage. Wannan na faruwa idan zanen ya daɗe a rana, zafi ya sa launin ya ɗan shiga saman kiliya. Shi ya sa nake cewa a yi aikin a ranar da aka gani ko washegari, kada a bar shi mako biyu. Inuwar nan folish mai ɗan ƙarfi kan ɗauke ta, domin yana cire ɗan ƙanƙanin abu daga saman ɓawon. Farin man goge baki ma yana yin irin wannan aiki a ƙaramin wuri, da yatsa da jiƙaƙƙen tsumma. Amma a nan ne ake son a san iyaka. Idan ka yi sau biyu ko uku ba ta tafi ba, ka tsaya. Ka kai wa mai fenti ya bi ta da injin folish, kuɗin wannan ba ya kusa da na sabon fenti. Sau da yawa ma rana da kanta kan kodar da ragowar inuwar a hankali.

Gilashi ba shi da matsala, sifirit na fitar da maka daga jikinsa nan take, kuma a gilashi ne kaɗai aka yarda a sa sabuwar reza a kwance, a kan jiƙaƙƙen wuri. Ita ce ma ke fitar da lambobin nan farare da rawaya da ake gani a gilashin motocin da aka sayo daga wuraren gwanjo na Amurka suka sauka a Legas ko Kwatano, domin su da alƙalami mai ruwan fenti aka rubuta su. Amma kada reza ta taɓa gilashin da aka manna wa baƙar leda, ko cikin gilashin baya mai siraran layuka. Baƙar robar bamba da ba ta da fenti, da tamfol ɗin keke da kujerunsa, su ne suka fi wuya, domin suna shan tawada. A nan ma sifirit ne, da haƙuri, kuma a yarda wataƙila ba zai fita duka ba.

Wannan ke nan game da ƙarfe. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren.

Idan aka ga zane a mota, wa ake fara kamawa? Yaron da ba shi da mai tsaya masa. Almajirin da ya zo bara, ko ɗan gidan da suka yi gudun hijira daga Bama, Gwoza ko Marte suke haya a ƙarshen layi. Alhali almajiri da alƙalamin kara da tawadar da ruwa ke wankewa yake aiki, da wuya ka same shi da maka. Sau da yawa in an bi diddigi, makar daga cikin gidan mai motar ta fito, ko daga jakar makarantar ɗan maƙwabcinsa na kusa da ba zai iya ɗaga wa murya ba. Dukan da aka yi wa marar gata ba ya gogewa da sifirit. Yaron zai girma da shi, iyayensa ma ba za su manta ba.

Ko da an kama yaro da makar a hannu, a dubi shekarunsa. Ɗan shekara huɗu ko biyar da ya rubuta ABCD a ƙofar mota bai san fenti ba, bai san tsadarsa ba. Ya ga fili fari mai santsi, daidai tsayinsa, ga alƙalami a hannu, sai ya gwada abin da aka koya masa jiya. Mu mutanen Maiduguri mun fi kowa sanin darajar yaro ya riƙe alƙalami. A 2014 an rufe makarantun gwamnati da yawa a jihar nan saboda hare-hare, wasu a cikin garin nan suka zama masaukin 'yan gudun hijira, aka shafe kusan shekara biyu kafin ɗalibai su koma aji. An kashe malamai saboda koyarwa. Garin da ya biya wannan farashi bai kamata ya zama inda ake farfasa wa yaro jiki saboda ya yi rubutu a inda bai dace ba. A nuna masa inda ya dace.

Ita kanta doka ba ta tare da mai dukan. Dokar laifuka ta Penal Code da Arewa ta yi aiki da ita tun 1960 ba ta ɗaukar abin da yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai ya aikata a matsayin laifi. Kuma a farkon 2022 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar Borno. Wanda ya ji wa ɗan wani rauni a kan zanen maka zai iya samun kansa shi ne ake tuhuma, ya bar maganar mota ya koma neman masu ba da haƙuri.

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce Malam Sakatare, kai ma ka san yadda ake samun mota a wannan zamani. Mai keke yana biyan balas kullum, kuma mai keken zai cire masa kuɗi idan ya ga tabo. Direban gidan wani ko na ma'aikata zai iya rasa aikinsa a kan abin da bai yi ba. Idan aka ce a yi haƙuri kullum, yara za su mayar da motocin mutane allo. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ce a ƙyale ba. Dukiyar mutum tana da alfarma, kuma tarbiyya ba ta yiwuwa idan ɓarna ba ta da sakamako. Abin da nake cewa shi ne sakamakon ya yi daidai da ɓarnar, kuma ya faɗa kan wanda ya dace.

Uban yaro shi ne mai ɗaukar nauyi. Ya zo da kansa ya ba da haƙuri, ya sayi sifirit da folish, ya sa yaron ya tsaya ya ga yadda ake wahalar fitar da abin da ya zana, in ya kai shekarun riƙe tsumma ya riƙe. Wannan darasi ya fi bulala zama a kai. Iyayen da ke cewa ai yaro ne, su juya baya su shige gida, su ma suna da kaso a rigimar, domin rashin ko-in-kula ɗinsu ne ke tunzura mai mota. Amma akwai adalci a ɗaya gefen ma. Idan mai mota ya ɗauko man birki ya ƙona ƙofarsa da hannunsa, bai kamata ya kai wa uban yaro lissafin sabon fenti gaba ɗaya ba. Yaro ya yi ɓarnar da kwalbar sifirit za ta gyara, sauran gaggawar mai mota ce ta jawo. Idan an kasa daidaitawa, ga dattawan layi, ga bulama, ga shugabannin ƙungiya. Ba maganar ofishin 'yan sanda ba ce.

Daban ne idan babba ne ya yi da gangan, ya rubuta zagi ko barazana ko wata magana ta siyasa a jikin motar mutum, abin da kan ƙaru idan zaɓe ya matso. Wannan ɓarna ce da niyya, kuma doka ta tanadi hukunci a kanta. A irin wannan hali kada a yi saurin gogewa. A ɗauki hoto da waya, a nuna wa shaidu biyu, a sanar da bulama, sannan a goge. Wanda ya goge kafin ya nuna wa kowa ya goge hujjarsa.

Ina da shawarwari ga ƙungiya da nake fatan a tattauna a zama mai zuwa. Mu ajiye kwalbar sifirit, makar farin allo, gwangwanin folish da tsummoki masu tsabta a ofis, duk mamban da abin ya same shi ya zo ya ara. Mu roƙi 'yan uwanmu masu sana'ar fenti, muna da su a cikinmu, ɗaya ya ba mu rabin awa bayan taro ya nuna wa jama'a a aikace, musamman matasanmu masu keke da masu wankin mota, domin a hannunsu motocin mutane suka fi lalacewa ko tsira. 'Yan kasuwarmu da ke aiki da maka kullum su riƙa barin ta a shago ko su ɗaga ta sama yadda ake ɗaga magani. Iyaye mata kuma su duba jakar yara idan an dawo daga makaranta. Kowane gida mai ƙananan yara ya samu ɗan allo da alli, ko a shafa wa wani sashe na bangon tsakar gida baƙin fenti a ce nan ne naku. Yaron da ke da wurin zane a gida ba ya cika neman ƙofar motar maƙwabci. Mai hali kuma ya sayi rigar mota ya riƙa lulluɓe ta, zai huta da ƙura da rana ma gaba ɗaya.

Ɗan uwa, ranar da ka fito ka ga an zane maka mota, ranka zai ɓaci, wannan dole ne. Ka koma ciki ka zauna na minti goma kafin ka ɗauki komai ko ka kira sunan kowa. Zanen ba zai ƙara lalacewa a minti goman nan ba. Bayan haka ka tura yaro kemis ya sayo sifirit, ka jawo motar inuwa, ka fara da ruwa da sabulu. Idan ka gama, sai ka je ka yi sallama da maƙwabcinka ku yi magana irin ta manya.

Masu sana'ar fenti da gyaran jikin mota da ke cikinmu, muna jiran gyara ko ƙarin bayani daga gare ku, ku ne masu abin. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya shirya mana zuriya, ya ƙara wa Borno zaman lafiya.

Naku,
Sakataren Ƙungiya, Maiduguri.